Gishirin Rabe Mai Tukunya

Rabe ɗan Hashimu bai taɓa auna gishiri ba. Ya yi shekara arba'in da 'yan kai yana dafa abincin taro a Makka, na biki da na suna da na alhazai, kuma ba a taɓa ganinsa da cokalin awo ba. Idan romo ya tafasa, sai ya ɗiba da ludayi, ya zuba kaɗan a tafin hannunsa na dama, ya hura, ya lasa, sannan ya ɗaga kai kamar mai sauraron kira daga nesa. Daga nan ɗayan biyu zai faɗa: "Da saura," ko kuwa "Ya yi." Idan ya ce ya yi, an rufe magana.

A Gadarif ta ƙasar Sudan aka haife shi, inda kakansa, wani Bakano, ya yada zango a kan hanyar Hajji har rai ya yi halinsa bai ƙarasa ba. Mahaifinsa ne ya ƙarasa tafiyar, ya tsallako teku da shi yana da shekara tara, ya kafa tukubar tsire a unguwar Jarwal ta Makka. A gindin tukubar nan Rabe ya tashi. Tun yana daka ƙuli aka gane harshensa ba irin na kowa ba ne, domin yakan gane yajin jiya da na yau, ya kuma gane man da aka soya wani abu a cikinsa. Da ya girma sai ya bar tsinke ya koma manyan tukwane, irin waɗanda mutum biyu ke ɗauka da sanda.

Mun yi maƙwabtaka da shi shekara goma sha tara a Jarwal, ina koyarwa yana dafuwa. Da aka rushe layinmu domin gina otal-otal, muka sake haɗuwa a Rusaifa, gida uku ne tsakaninmu. A unguwannin biyu al'adar matan layi ɗaya ce: wadda za ta yi baƙi, ko wadda surukarta za ta zo, takan aiko da ɗan kwanon miya a ɗanɗana mata. Ba ya karɓar komai a kan haka. Yakan lasa ya ce, "A gaya mata ta rage wuta, albasarta ta kusa kamawa," kuma haka za a tarar.

Amma abin alfaharinsa shi ne Arfa. Kowace shekara kamfanin da ke ciyar da wasu tantunan alhazan Afirka yakan ɗauke shi aikin ranar tsayuwa, a madafar da ake kafawa a bayan tantuna. Tukunya shida, shinkafa da naman rago, a gama kafin azahar. Yakan ce romonsa sai ka ga gindin ludayi a cikinsa don tsabta, kuma mutumin da zai wuni a rana yana roƙon Ubangijinsa bai kamata a ba shi abin da zai sa shi ƙishirwa ba. Sau talatin da huɗu ya yi wannan aiki. A ashirin da biyu daga ciki yana tare da mataimakinsa Moidin, mutumin Kerala ta ƙasar Indiya, gajere mai furfura, wanda ya iya Larabcin madafa da zagin Hausa guda huɗu. Rabe yana kiransa Ɗan Kwakwa, domin a cewarsa ko shayi aka bar masa sai ya kankare kwakwa a ciki. Shi kuwa Moidin yana kiransa Mu'allim, kamar yadda ake kiran duk gwanin sana'a a nan, amma yakan ja kalmar yadda kowa zai ji tsokana ce.

A watan Jimada na bara aka gano ciwon daji a hanjin Rabe. Aka yi masa aiki a Rajab, a Sha'aban kuma aka fara ƙara masa ruwan maganin nan ta jijiya, wanda a nan muke kira kimawi, sau ɗaya duk mako biyu. 'Yarsa Suhaila, wadda ke aiki a wani kantin magani, ita ce ke kai shi asibiti, ita ke riƙe da takardunsa. Matarsa Sa'adatu ta koma kwana a ƙasa kusa da gadonsa da roba a gefe.

Na ga abin da maganin ya yi masa, ban kuma iya komai a kai ba sai zama. Kwana uku bayan kowane ƙari ba ya riƙe ko ruwa. Bakinsa ya yi gyambo. Idan ya taɓa abu mai sanyi sai ya ji kamar an soka masa allurai, daga baya ma kan yatsunsa ya mutu, har maɓallin riga sai an saka masa. Duk wannan bai yi ƙorafi a kansa ba. Abin da ya karya shi na same shi a kai wata ranar Talata da la'asar, yana zaune da kwanon miyar wata maƙwabciya a gabansa.

"Malam, lasa ka gaya mini," ya ce.

Na ce ai ba ni aka aiko wa ba.

"Lasa dai. Ni makulli nake ji. Miya makulli, dabino makulli, zuma ma kamar na tsotsi makullin ƙofa. Sau uku ina lasa."

Na lasa, na ce ina ganin ta yi daidai. Ya kira Sa'adatu ya ce a mayar da kwanon, a ce yana barci. Tun daga ranar aka daina aikowa, ba tare da kowa ya hana ba.

A tsakiyar Shawwal Moidin ya zo dubiya da jakar leda. Ya ce ya yi waya da wani mai maganin gargajiya na garinsu, wanda kakanninsa ma sana'arsu ke nan, kuma wani ɗan garinsu da ya dawo daga hutu ya taho da saƙon. Abu uku ne a ciki. Akwai garin busasshiyar citta da ake kwaɓawa da zuma a lasa da safe saboda tashin zuciya. Akwai man riɗi da aka dafa da wasu ganyaye, a kurkure baki da shi a tofar. Na ukun wasu saiwoyi ne da ɓawon itace, a tafasa kofi huɗu na ruwa har ya koma kofi ɗaya, a sha kafin a karya kumallo.

Rabe ya shinshina ledar ya ce, "Ɗan Kwakwa, shekara ashirin kana neman ka kashe ni da girkinka ba ka samu ba, shi ne ka biyo ta nan?"

"Mu'allim, da kashe ka nake so, abincinka zan ba ka. Sha, kakata ta sha wannan har ta kai shekara casa'in da biyar tana zagin mutane."

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Rabe ya san Suhaila ba za ta yarda da abin da ba shi da takarda ba, saboda haka ya sa Sa'adatu ta riƙa dafa saiwoyin bayan 'yar ta fita aiki, ta juye a wata shuɗiyar jarkar Zamzam da ke kusurwar ɗakinsa. A gidan Makka babu mai tambayar abin da ke cikin jarkar Zamzam.

Gaskiya ita ce cittar ta taimaka masa, aman ya ragu har yana iya shan kunu. Man ma ya sanyaya masa baki. Amma na ukun ne ya ɗauke masa hankali. Ranar da ya fara sha ya aiko a kira ni, na same shi fuskarsa a yamutse, idonsa yana ƙyalli.

"Malam, ɗaci ne da shi. Ɗaci kamar maɗaci. Na ji shi tun daga kan harshe har maƙogwaro. Wata biyu da rabi ban ji komai ba sai ƙarfe, yau na ji ɗaci. Harshen nan ba mutuwa ya yi ba, barci yake yi."

Mako uku ana haka, sai gwajin jini ya nuna hantarsa ta ɗan motsa. Likitar ta tambaye shi ko yana shan wani abu, ya ce shi dai Zamzam yake sha. Da suka dawo gida Suhaila ta tsiyaya daga jarkar za ta ba shi ƙwayoyinsa, sai ga ruwa baƙi kamar gahawa. Ba ta yi faɗa ba. Ta kwashi kayan uku ta kai wa likitar. Likitar ta ce ya ci gaba da kurkure baki da man, cittar ma kaɗan-kaɗan ba laifi, amma ruwan ɗacin a tsayar da shi, domin ba ta san abin da ke ciki ba, kuma hanta ɗaya ce ke ɗauke da shi da kimawin. Aka ɗage ƙarin wannan makon. Moidin ya zo har gida ya ba Suhaila haƙuri, hularsa a hannu.

Rabe ya daina sha, amma ya riga ya gaskata cewa maganin ya tashi harshensa. Da Zulƙida ya shiga, kamfanin ya aiko yana tambaya ko za a fitar masa da takardar izinin shiga Arfa kamar kullum. Suhaila ta ce a'a. Rabe ya ce ba ɗaukar tukunya zai yi ba, a kujera zai zauna a inuwa, gishiri kawai zai sa. Ta ce da wane harshen. Wannan magana ta yi masa zafi, ita ma ta san ta yi. Daga ƙarshe suka yi sharaɗi: zai dafa shinkafa da rago a gida ranar Juma'a, shi kaɗai zai sa gishiri, idan ta yi daidai za ta roƙi likita ta bar shi ya je. Suhaila ce ta zaɓi alƙali, kuma ni ta zaɓa. Ta ce Ammi Malam, wato Baffa Malam, kamar yadda take kirana, bai taɓa barin kuskure ya wuce a littafinta ba lokacin da take ajinsa, ba zai fara yau ba.

Bayan an sauko daga masallaci muka zauna a ɗakin baƙi, ni da Moidin da Nu'uman, ƙanin Sa'adatu. Rabe ya sa farar riga da ta yi masa yawa, ya kawo tiren da kansa. Na kai loma ta farko. Gishirin ya ninka abin da ya kamata kamar sau uku, har harshe yana ƙuna. Na dubi Nu'uman, ya sunkuyar da kai yana ci. Moidin ya kai hannu ga kofin ruwa, ya fasa, ya sake ɗibar shinkafa. Rabe bai ci ba, yana durƙushe yana bin bakunanmu da kallo.

Daga bayan ƙofa Suhaila ta yi magana. Su ma an kai musu nasu a ciki, ta kuma ɗanɗana. "Ammi Malam, kai nake jira. Ka faɗi abin da ka ji."

Mu mutane ne da aka raina da kawaici. Ba a cin abincin mutum a gidansa a kushe, balle na majinyaci, balle na wanda harshensa ya ciyar da unguwa shekara arba'in. Na san wannan ba hujja ba ce, ina faɗin abin da ya riƙe bakina ne kawai. Na dubi wuyansa da ya zama kamar sillen kara a cikin rigar.

Na ce, "Ya yi."

Nu'uman ya ce ma sha Allah, hannu yana nan. Moidin ya ce kwakwa kawai ta rasa, Rabe ya yi dariyar da rabonsa da ita tun Rajab. Daga baya Sa'adatu ta gaya wa matata cewa Suhaila ta buɗe baki za ta yi magana, ita ce ta riƙe mata hannu. Mun cinye tiren nan tas, domin ragewa ma magana ce. Da na koma gida na sha ruwa kofi biyar.

Suhaila ta cika alkawari. Likitar ta ce ba ta ba shi shawarar zuwa ba, amma ranar ta faɗo a makon da ba shi da ƙari, kuma ba za ta ɗaure dattijo ba. Ta kafa sharuɗɗa a kan rana da cunkoso da shan ruwa. A hanyar masallaci Suhaila ta gamu da ni, ta gaishe ni da ladabi kamar kullum, ba ta ƙara kalma ɗaya ba.

Abin da ya faru a Arfa ban gani da idona ba, Moidin ne ya ba ni labari, kuma na rubuta shi yadda ya faɗa. Ya ce tun ranar Juma'ar nan bai sami natsuwa ba, domin tukunya shida abincin mutum ɗari shida ne, a ranar da zafi ke kayar da masu lafiya. Bai iya gaya wa Rabe ba, bai kuma iya kai ƙararsa ga kamfani ba. Sai ya niƙa ɗanyar shinkafa ta yi laushi kamar gishiri, ya haɗa kashi biyu nata da kashi ɗaya na gishiri, ya cika kwanon da Rabe ke ɗiba. Ya san yatsun Mu'allim ba sa jin bambanci.

Da hantsi naman ya tafasa. Aka ajiye wa Rabe kujera a inuwar rumfa, aka kawo masa kwanon. Ya tashi ya yi bisimilla, ya watsa a tukunyar farko, ya juya, ya zuba a tafin hannu, ya lasa, ya ɗaga kai. Ya ce da saura. Ya ƙara, ya sake lasa, ya sake ƙarawa. Haka ya bi tukwanen har ta huɗu, Moidin yana biye da shi yana lissafin dintsi a zuci. Da Rabe ya waiwayo kan ta farko sai ya tsaya. Romon da ake ganin gindin ludayi a cikinsa ya yi fari-fari, ya ɗan yi kauri kamar ruwan wankin shinkafa.

Harshensa ne ya tafi, idonsa yana nan. Ya ɗauki kofin gilashi, ya zuba ruwa, ya ɗebi abin da ke kwanon ya zuba, ya juya da yatsa, ya ɗaga kofin a haske. Gishiri narkewa yake yi. Wannan kuwa ya kwanta fari a gindin kofi.

Moidin ya ce ya jira zagi, ya ma fi son a zage shi. Rabe ya ɗebo romo ya miƙa masa ludayin, abin da bai taɓa yi ba cikin shekara ashirin da biyu.

"Lasa."

Moidin ya lasa. Dabararsa ta yi aiki, gishirin ya zauna daidai. Ya ce, "Mu'allim, ya yi."

"Haka kuka ce a gidana."

"Wallahi wannan karon ya yi. Na rantse da wannan rana."

"Ran nan ma da an ce ka rantse, da ka rantse."

Ya koma kujerarsa ya zauna. Sauran tukwane biyun Moidin ne ya sa musu gishiri. Alhazai suka ci, babu wanda ya yi ƙorafi, wani dattijo daga Damagaram ma ya leƙo madafar ya sa wa mai girkin albarka. Rabe ya amsa da amin, yana kallon ƙasa. Da rana ta karkata, lokacin da duk filin ya ɗaga hannu, Moidin ya ce ya ga leɓunansa suna motsi, bai ji abin da yake roƙo ba.

Kwana biyu bayan Salla na je gaishe shi. Na tarar da shi a ɗakin baƙi, an koma ƙarin kimawi, robar tana gefensa. Muka gaisa. Sannan ya ce, "Malam, ranar Juma'ar nan. Sau nawa ya ninka?"

Na ce kamar sau uku.

"Kuma kuka cinye."

Na ce mun cinye.

Ya gyaɗa kai. "Allah ya saka muku da alheri, na san don ni kuka yi. Amma ka ga, da harshena ya tafi, na ce ba komai, ina da naku. Jiya yarinyar nan ta dawo daga asibiti ta ce likita ta ce gwajin ya yi kyau. Na dubi bakinta, na dubi bakin uwarta. Wa zan tambaya, Malam?"

Na ce zan iya zuwa da shi wurin likitar ya ji da kunnensa. Ya ce ita ma ai 'yar mutane ce, tana da uba, kawaici za ta yi masa.

Yanzu wata huɗu ke nan da gama kimawin. Likitar ta ce ɗanɗano yakan dawo wa wasu bayan watanni, wasu kuma ba ya dawowa duka, ba ta da abin da za ta ba shi a kai. Yana nan yana lasar cittarsa da zuma kowace safiya, yana kurkure baki da man da Moidin ke kawowa. Moidin yakan zo ranar hutunsa, su zauna, amma Rabe ya daina kiransa Ɗan Kwakwa, da sunansa yake kiransa. Shuɗiyar jarkar an wanke ta, an mayar mata da Zamzam.

Ni kuma ina zuwa duk Juma'a bayan an sauko. Akwai ɗan kwanon gishiri a kan tagarsa, wanda shi da kansa yake saye a kantin bakin layi, ba ya barin kowa ya cika masa. Yakan ɗauki ƙwaya biyu ko uku ya ɗora a harshe, ya ɗaga kai kamar da, ya daɗe a haka. Ina zaune ina jira. Ba ya tambayata komai, ni ma ba na tambayarsa. Makon jiya da ya sauke kansa ya ce, "Da saura," ya mayar da murfin kwanon.